Yadda ake zaɓar wa ɗan kwikwiyo abin wuya da igiyar ja

Yawancin waɗanda suka kawo ɗan kwikwiyo gida a garin nan na Kaduna, kafin su nemi kwanon da zai ci abinci, igiya suke fara nema. Abin da hannu ya kai kansa shi ake ɗauka: ragowar igiyar ragon layya, guntun wayar wuta, tsumman atamfa, wani lokacin har robar tayar babur. A ƙulla masa a wuya, a ɗaure a jikin ƙarfen get, a ce an gama. Bayan wata biyu sai a ji wari na tashi, a duba a tarar igiyar ta ci fata ta nutse cikin tsoka, ƙudaje sun samu wurin zama. Galibi ba mugunta ke jawo haka ba, mantuwa ce. Wuyan kwikwiyo kullum ƙaruwa yake yi, abin da aka ɗaura masa kuwa yana nan yadda aka bar shi.

Saboda haka ka sa a ranka tun yanzu cewa abin wuyan da za ka saya yau ba shi ne na ƙarshe ba. Kamar takalmin yaro yake: za ka canza sau biyu ko uku kafin karen ya gama girma. Kada ka zuba kuɗi a na farko, amma kada ka yi wasa da awonsa.

Fara da awo, tun kana gida

Ka samo tef irin na tela. Idan babu, zare ko siririyar igiya ta wadatar, daga baya ka shimfiɗa ta a kan rula. Ka bari sai kwikwiyon ya ci ya ƙoshi ya natsu, sannan ka zagaya tef ɗin a tsakiyar wuyansa, ba can ƙasa wajen kafaɗa ba inda ya fi kauri. Tef ɗin ya kwanta a kan gashi, kada ka matse. Kafin ka karanta lambar, ka zura yatsu biyu, manuniya da ta tsakiya, tsakanin tef da wuyan. Lambar da ta fito da yatsun a ciki ita ce awonka. Ka rubuta ta a takarda ko a waya.

Akwai awo na biyu da mutane ba su cika yi ba: zagayen kai, daidai wajen kunnuwa. Karnukanmu na gida, irin waɗanda mafarauta ke kiwo, kansu siriri ne, bai fi wuyan kauri da yawa ba. Idan abin wuya ya yi sako-sako, da zarar kwikwiyon ya tsorata ya ja da baya sai ya zare kansa ya bar ka riƙe da igiya. A cikin gida wannan ba komai ba ne. A bakin titi kuwa, inda Keke da babura ke wucewa, abin na iya zama ajalinsa.

Ka kuma san irin karen da ke hannunka. Alsheshan, wanda mutane da yawa ke kawowa don gadi a Malali, Unguwar Rimi da Barnawa, namijinsa kan kai kilo 30 zuwa 40 idan ya girma, kuma mafi yawan girman nan a watanni shida na farko yake yin sa. Boerboel ya ma fi haka nauyi. Irin waɗannan, abin wuyan da ya yi musu daidai ranar Juma'a zai iya matse su bayan mako biyu. Karen gida da ƙananan nan masu yalwar gashi ba su kai su saurin girma ba, amma su ma sai an riƙa dubawa.

Irin abin wuyan da za ka nema

Ga kwikwiyo, abin da ya fi shi ne shimfiɗaɗɗen bel na nailan, mai laushi, marar nauyi, wanda ake iya ƙara masa tsawo ko a rage. Dalilina uku ne, biyu daga ciki na yanayin Kaduna ne. Daga watan Mayu zuwa Oktoba ruwa muke sha, kwikwiyo kuwa ba ya ganin taɓo ya wuce; nailan ana wanke shi da sabulu ya bushe cikin awa kaɗan. Fata idan ta jiƙe ta daɗe ba ta bushe ba sai ta yi funfuna, in hunturu ya shigo kuma ta ƙandare ta tsattsage ta riƙa gurje wuya. Na uku, nailan ya fi araha, ba za ka ji zafin ajiye shi ba idan ya yi kaɗan.

Faɗinsa ya dace da wuyan. Ƙaramin kwikwiyo santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya ishe shi. Ɗan Alsheshan ko Boerboel a ba shi santimita biyu zuwa biyu da rabi. Wanda ya yi siriri da yawa yankan wuya yake yi idan an ja, wanda ya yi faɗi da yawa kuma yana hana shi juya kai, ya yi ta ƙaiƙayi.

Maɗaurin iri biyu ne. Akwai na roba mai shiga ya ce ƙas, irin na jakar makarantar yara, akwai kuma na ƙarfe mai harshe da huji irin na bel ɗin wando. Na roba ya fi sauƙin cirewa cikin gaggawa, kuma shi nake so ga kwikwiyo ɗan wata biyu zuwa huɗu. Matsalarsa, idan robar ba ta da kyau rana na gasa ta ta fashe. Na ƙarfe ya fi ƙarko, shi ne na karen da ya fara ƙarfi.

A wajen saye, ka zaɓi wanda awon kwikwiyonka ya faɗo a farkonsa, wato in ka tsuke shi zuwa kusan ƙarshe ya yi masa daidai yau, ya bar maka sarari na buɗewa nan gaba. Idan awonka santimita 24 ne, ka ɗauki mai tafiya daga 22 zuwa 35, ba mai tafiya daga 15 zuwa 25 ba.

Yanzu ga waɗanda za ka bari a shago ko da mai shagon ya yaba su. Sarƙar nan mai zarge, wadda ke tsukewa idan kare ya ja, ba ta kwikwiyo ba ce. Maƙogwaronsa bai yi ƙwari ba, shaƙa ɗaya mai ƙarfi na iya ji masa ciwon da zai bar shi da tari. Haka mai haƙoran ƙarfe ta ciki, haka mai ba da shokin. Za ka ji ana cewa wai su ke sa kare ya yi zafi ya iya gadi. Abin da suke koya masa tsoro ne, kuma karen da ya tashi cikin tsoro shi ne ke cizon yaron gida da baƙon da ya zo da sallama. Sarƙa mai nauyi ma ta kowane iri ka bar ta. A watan Maris da Afrilu ƙarfen da ya daɗe a rana kai ma ba ka iya riƙe shi da hannu, balle a ce yana kwance a wuyan ɗan dabba.

Akwai kuma ɗamarar ƙirji, wadda ke zagaye ƙirji da kafaɗu a maƙala igiya a gadon baya. Ga karnuka masu gajeren hanci irin su Pug, da ƙanana irin su Lhasa, da duk kwikwiyon da ke tari idan an ja shi, ita ce daidai. Ita ma ƙa'idar yatsu biyu ce, kuma a kula kada ta gurje hammata. Amma ba a barin ta a jiki yini guda, zafi take tarawa. A sa in za a fita, a cire in an dawo.

Igiyar ja

Nan maganar ba ta da yawa. Shimfiɗaɗɗiyar igiyar nailan mai tsawon mita 1.2 zuwa 1.8, da madauki na saka hannu a gefe ɗaya, da ƙugiyar ƙarfe mai juyawa a ɗaya gefen. Ƙugiyar ta zama ƙarama. Sau da yawa za ka ga igiya mai kyau amma ƙugiyarta ta babban kare ce, tana ta bugun haɓar kwikwiyon har ya tsani fita.

Irin wadda ke naɗe kanta cikin gidan roba, ta miƙe mita biyar in kare ya ja, ba na ba da shawarar ta. Tana koya wa kwikwiyo cewa ja shi ke ƙara masa fili, ga shi zarenta siriri ne yana yankan yatsa. A lungunanmu da ke cike da yara da masu tura baro, kare mai nisan mita biyar daga hannunka ba ya ƙarƙashin ikonka.

Kwikwiyo zai tauna igiyarsa, musamman daga wata uku zuwa shida lokacin da haƙoran nono 28 ke zubewa na dindindin 42 ke fitowa. Maganin shi ne a rataye igiyar inda bai kai ba idan an gama, a ba shi wani abin da zai tauna, ba a koma sarƙa ba.

A kasuwa

Shagunan magungunan dabbobi da asibitocin dabbobi masu zaman kansu su ne wuri na farko, don su suka fi ajiye ƙanana. Idan ba ka samu ba, a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci ta Tudun Wada ba za ka rasa masu sayar da kayan jaka ba: shimfiɗaɗɗen nailan da ake aunawa, da maɗaurin roba, da zoben ƙarfe. Ka saya ka kai wa mai ɗinkin jaka ko takalmi da awonka. Ka ce masa, "Malam, ɗinkin ya zama ninki biyu wajen zoben nan, kuma ƙullin zaren ya fito ta waje, kada ya kasance a cikin da zai taɓa fata." Bakin nailan da aka yanke a ɗan ƙona shi da ashana don kada ya warware, sannan a tabbatar wurin ƙunar bai yi kaifi ba.

Ko a shago ko a wajen maɗinki, kada ka biya sai ka gwada da hannunka. Ka riƙe zoben da ake maƙala igiya ka duba: a haɗe yake da walda, ko kuwa lanƙwasa shi kawai aka yi aka bar tsaga? Mai tsaga buɗewa zai yi. Ka ɗaure maɗaurin ka ja da ƙarfi da hannu biyu. Ka shafa cikin bel ɗin a bayan hannunka ka ji ko akwai abin da ke karce. Ka danna ƙugiyar igiyar sau da yawa ka ga ko tana komawa ta rufe da kanta. Idan na gwanjo ka samu mai kyau babu laifi, amma ka wanke shi da sabulu da ruwan zafi ka shanya a rana kafin ya taɓa kwikwiyonka, domin ƙuma da cutar ƙazuwa na bin kayan wani kare.

Kwikwiyon da bai gama alluran rigakafi ba kada ka ɗauke shi zuwa kasuwa don gwaji. Awon da ka rubuta ya isa.

Ka kuma sa lambar wayarka a jikin abin wuyan. Masu yanka makulli da masu yin hatimi na iya zana ta a ɗan ƙaramin ƙarfe marar nauyi, ko ka rubuta da alƙalamin maka marar gogewa a jikin bel ɗin. Lamba kawai ta isa, ba sai da sunan karen ba. Wanda ya san sunansa ya fi sauƙin kiran shi ya tafi da shi.

Sabar masa da shi

A nan ne mutane suka fi gaggawa, kuma a nan ne ake ɓata kare. Kwikwiyon da ya kai mako takwas ana iya fara sa masa abin wuya. Ka bar shi ya shinshina shi tukuna. Ka ɗaura masa daidai lokacin da za ka ajiye masa abinci, don hankalinsa ya tafi ga kwano. Zai tsaya ya yi ta susa da ƙafar baya, ya yi birgima, wani ya yi kuka. Wannan ba alamar ciwo ba ce muddin yatsu biyu na shiga. Kada ka cire yana cikin bore, don zai gane cewa bore ke sa a cire. Ka jira ya manta ya shiga wasa, sannan ka kwance. Minti biyar zuwa goma a ranar farko, gobe ka ƙara, cikin mako guda zai daina lura da shi.

Bayan nan sai igiya. Ka maƙala ta ka bar shi ya riƙa jan ta a tsakar gida kana kallo, kada ka shiga ɗaki ka bar shi, don tana iya sarƙewa a ƙafar kujera ko bakin magudana. Kwana biyu ko uku haka, sannan ka ɗauki bakin igiyar ka bi shi inda ya nufa ba tare da ka ja ba. Daga nan ka fara kiransa, in ya taho ka ba shi ɗan guntun dafaffen nama ko hanta, ƙarami sosai. Kada ka ba shi tsire ko kilishi mai yaji, kuma albasa guba ce ga kare, tana lalata masa jini.

Idan ya turje ya zauna, kada ka ja shi a ƙasa. Ka tsuguna ka kira shi. Idan kuma shi ke jan ka, ka tsaya cak. Da igiyar ta saki, ka ci gaba. Zai ɗauki kwanaki, amma da haka yake gane cewa tafiya sai da sakakkiyar igiya. Minti biyar sau biyu ko uku a yini ya fi rabin awa a lokaci guda. Yaran gida su ma a koya musu wannan, domin su ne suka fi son ɗaukar igiya su ruga da gudu kwikwiyo na bin su da wuya.

Fita waje kuwa sai allurai sun kammala. Na cututtukan ƙuruciya, ciki har da gudawar nan mai jini da ke kashe 'yan kwikwiyo da yawa, ana fara su daga mako shida zuwa takwas, a maimaita duk mako uku ko huɗu har zuwa mako 16. Ta ciwon haukan kare ana yin ta a wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos na cikin masu haɗa ta. Wannan allura ba ta karen ba ce shi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma da yawansu yara ne.

Ranar da za ku fara fita, ka zaɓi lokaci. Da sassafe bayan gari ya waye, ko da yamma in rana ta yi sanyi. Ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta. In ba za ka iya barin shi daƙiƙa biyar ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Ka kauce wa lokacin da ake tafiya masallaci da lokacin tashin Islamiyya. Mutanenmu da yawa ba sa son kare ya taɓa musu tufafi, wasu kuma tsoro suke ji na gaske, kuma haƙƙinsu ne su wuce lafiya. In ka hango mutum, ka tattara igiyar ka dawo da kwikwiyon gefen ƙafarka ta ɓangaren bango. Yaran da suka saba jifan kare, in sun gan shi a hannun mai shi cikin natsuwa, su ma sukan rage.

Maganar ɗauri

Abin wuya da igiyar ja na tafiya ne, ba na turke ba. Na san gidaje da yawa ba su da katanga ko keji, kuma dole ta kan sa a ɗaure. In haka ne, ya zama na ɗan lokaci, a inuwa, da ruwa a kusa, da ɗamarar ƙirji maimakon wuya, a wuri shimfiɗaɗɗe da babu abin da zai haura ya rataye kansa. Kada a taɓa yin ƙullin zarge. Karen da ya yini ya kwana a ɗaure yakan zama mafaɗaci marar bambance kowa, ba mai gadi ba. Wanda ya ajiye dabba ya ɗauki amanarta, kuma mun san hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Da dare, ko idan yana cikin keji, ko yana wasa da wani kare, ka cire masa abin wuyan. Zoben na iya maƙalewa a wayar keji, ko haƙorin ɗan'uwansa ya shige ƙarƙashin bel ɗin su juye su shaƙe juna.

Dubawa duk mako

Ka tsayar da rana ɗaya a mako, wadda ba za ka manta ba. Ka zura yatsu biyu. Sun shiga da ƙyar, ka buɗe. Uku sun shiga, ka tsuke. Ka gwada zaro bel ɗin ta kansa a hankali. In ya wuce kunnuwa, ya yi yawa. Sannan ka kwance shi gaba ɗaya ka buɗa gashin wuyan ka duba. Ƙarƙashin bel maɓoyar kaska ce, musamman da damina. Ka nemi ja, ko zubar gashi, ko danshi mai wari.

Akwai abin wuya mai ɗauke da maganin kaska da ƙuma. Shi daban ne, ba a maƙala masa igiya, kuma kowanne da shekarun da aka rubuta a kwalinsa. Wasu sai kwikwiyo ya kai mako 12. Ka tambayi likitan dabbobi kafin ka sa. Kada ka jiƙa bel da fiya-fiya ko maganin feshin gona ko baƙin mai da sunan korar kaska, fatar kwikwiyo na tsotsar su ta kashe shi.

Idan ka tarar da gurjewa kaɗan, ka cire bel ɗin, ka wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ka bar wuyan ya sha iska har ya warke, kana amfani da ɗamara. Idan kuwa abin ya riga ya nutse cikin fata, kada ka finciko shi. Ka kai shi asibitin dabbobi su cire da allurar kashe zafi. In raunin ya yi zurfi ƙwarai, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya bai yi nisa ba.

Ranar da ka kai hujin ƙarshe, ka sake awo ka sayi na gaba, kada ka huda sabon huji a bakin bel ka ce ya ƙara mako. Karen gida kan tsaya da girma wajen wata 10 zuwa 12, manyan nan kuwa sai wata 18 ko fiye. A lokacin ne ya dace ka je wajen dukawa a yanka maka na fata mai kauri da maɗaurin ƙarfe, ka riƙa shafa masa man kaɗanya da hunturu, in ya jiƙe da damina ka shanya shi a inuwa.